Shekarar da Dodanni Suka Cinye Mana Hira

Maganar da kuke yi a bayan idona ta iso gare ni. Babu abin da za a faɗa a gidan suna bai dawo kunnen tsohuwa ba kafin a gama wanke tukwane. Wai ni na sa babanku ya ajiye abin magana ya bar gidan kallo, wai daga ranar ne tsufa ya rufto masa. Ban ji haushi sosai ba, amma na ɗan ji. Ku ƙarshen abin kawai kuka gani, don a lokacin kowa yana can yana fama da nasa, wata a Zariya, wani a Kaduna, yayanku kuwa yana nan Funtua amma idonsa yana kan sana'a. To ga yadda aka yi, daga bakin wadda aka yi a gabanta. Rubutun nawa na makarantar matan aure ne, sai ku yi haƙuri da shi.

Gidan kallon da kuka sani a bayan tasha, kafin ya zama wurin ihun ƙwallo, rumfar kwano ce da bencina da wani talabijin mai ƙatuwar ƙeya. Aikin babanku ba sa kaset ba ne, wannan kowa ya iya. Aikinsa shi ne ya tsaya a gefen talabijin da abin magana a hannu, yana mayar da fim Hausa tun yana tafiya. Ba ya jin Indiyanci, Sinanci ko gaisuwa bai sani ba, Turancinsa ma na tashar jirgin ƙasa ne. Fuska yake karantawa. Ya dubi yadda mace ta ajiye kofi a gaban mijinta, sai ya san abin da ya kamata ta ce, ya faɗa mata shi da Hausar da ta fi ta mai fim ɗin daɗi. Kowa ya fito sai ya raɗa masa suna irin namu, ya ba shi gari da sana'a. Talla kuma da bakinsa yake yin ta. Ranar kasuwa da la'asar, lokacin da manoman Ƙarfi da na ƙauyukan Malumfashi suka sayar da masara suna jiran motar komawa, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce kamar haka:

"Wani tela ne aka kawo masa ɗinkin kayan auren yarinyar da shi ya fara nema. Ya karɓi ɗinkin. Sauran yana ciki."

Iyakar tallar ke nan. Sai mutum da buhun taki a ka ya sauke, ya ce motar baya ma ta kai shi.

Duk tsawon shekarun nan ni ban taɓa shiga ba. Matar aure ba ta zuwa gidan kallo ko da na mijinta ne, kuma ban taɓa jin an tauye ni ba, domin fim ɗin yana zuwa ya same ni har gida. Da hantsi, bayan kun tafi makaranta, sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, in kawo masa koko, in jawo faifan wakena ina tsinta, ya ba ni na jiya daga farko har ƙarshe. Da azahar kuma Asabe mai kitso, maƙwabciyarmu ta katanga, ta shigo da matan layin, ni ma in juye musu nawa. Kafin labari ya kai gidan ƙarshe a layin ya yi ƙiba, amma dai shi ne.

Akwai abin da ba ku sani ba game da babanku, kuma sai kun san shi sauran zancen zai zauna muku. Mutumin da yake sa rumfa guda dariya da kuka, in ya shigo gida bai iya magana da bakinsa ba. Sannu, ina ruwan wanka, Allah ya yi albarka, shi ke nan. Na daɗe ina jin zafin wannan kafin in lura da wani abu. Duk ranar da muka yi saɓani, washegari sai mijin cikin fim ya yi nadama. Zai zauna ya ce, "Sai mutumin nan ya ga bai kyauta ba, amma girman kai ya hana shi faɗa," yana maganar yana kallon cikin kofinsa. Lokacin da ƙanwarku Hajara ta koma, ban ga hawayensa ba ko sau ɗaya, har na ƙullace shi a raina. Bayan sadakar bakwai ya ba ni labarin wani direba da ɗansa ya mutu, yake tsayar da mota a daji ya ce wa fasinja zai duba taya, ya zagaya baya ya yi kukansa ya dawo. Ranar na daina ƙullatarsa. Da bakin mutanen fim yake yi min magana, ba shi da wani bakin. Ni kuma na koyi amsa masa ta nan. In ce, "Ai matar ma da laifinta." Haka muka yi zaman aurenmu, kuma ban ga wadda zan yi wa hassada ba.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce wadda yayanku ya kawo sabon talabijin, shafaffe, mai faɗin ƙyauren ɗaki. Ba na ganin laifinsa, neman ci gaba yake yi, kuma tsohon talabijin ɗin ya fara nuna mutane kore-kore. Kaset ya riga ya wuce, faifai ma ya bi shi, finafinai yanzu a cikin wani ɗan abu suke zuwa da bai kai yatsa ba. Waɗanda ake yayi a lokacin na wasu ƙarti ne masu matsattsun kaya da mayafi a baya, suna tashi sama suna jifan juna da motoci, sai kuma na dodanni da ke fitowa daga teku suna tattake birni. Kowane fim yana zuwa da tallarsa daga masu shi, kuma tallar tana riga fim ɗin isowa da watanni, tana yawo a wayoyin samari. Yayanku ya ce babu bukatar babanku ya tsaya a rana yana ɓata murya, sai a juyo da lasifika waje a saki tallar.

Da kakar farko an cika, ba zan ɓoye ba. Har a tsaye ake kallo. Babanku ya dawo yana ba ni labarin wani dodo da ya haɗiye jirgin ruwa, ni da su Asabe muka riƙe baki. Na biyu ya zo, shi ma ya haɗiye nasa. Na uku yana da kai biyu. Asabe ce ta fara gajiya, ita da ba ta ma ganin komai sai abin da na faɗa mata. Tana tsaga kan wata yarinya ta tsayar da ni.

"Rabi, shi mai tashi saman nan ba shi da uwa ne?"

Na ce ban ji an ambace ta ba.

"To mata fa? Ba ya dawowa gida a yi masa faɗa? Kullum yana sama kamar shirwa."

Aka yi dariya, amma washegari mata biyu ne suka shigo, kuma zancen tsadar manja suka yi. A can rumfar ma haka abin yake. Babanku ya ce wani dattijo daga Ƙarfi, wanda ya shekara da shekaru ba ya fashin ranar kasuwa, ya tsaya ya kalli tallar tun daga farko har ƙarshe, sannan ya juyo ya dube shi.

"Malam, garin nan ba shi aka rushe wancan makon ba? Yaushe suka sake gina shi?"

Babanku ya ce masa wannan wani garin ne daban.

"To na ga faɗuwarsa, na ga dodon, na ga wanda zai kashe shi. Mi ya rage a ciki da zan rasa mota saboda shi?"

Dattijon ya ɗauki buhunsa ya nufi tasha. Na san za ku ce waya ce ta kashe gidajen kallo, ko ku ce hanya ce ta fara ba da tsoro mutane suka daina yin yamma a gari. Duka biyun da gaskiyarsu. Amma samarin da ke da wayar ma sun gaji. Su suke zuwa su leƙa su ce, "Baba, shi ne dai na rannan aka canza masa launin riga." Kafin damina ta tsaya, ranar fim benci biyu ba sa cika, ranar ƙwallo kuwa ba wurin sa ƙafa. Ita ƙwallo ba ta bukatar mai fassara.

Abin da ya dame ni ba bencin ba ne. Tabarmar hantsi ce ta fara yin shiru. In kawo koko, in jawo faifaina, in jira.

"Malam, mi aka yi jiya?"

"Dodo ne."

"Sai aka yi yaya?"

"Aka kashe shi. A ƙarshe sun nuna wani yana ƙyanƙyashewa."

Sai ya sha kokonsa. Ba rowa yake yi min ba. Ya ce rabin mutanen fuskarsu a rufe take da ƙarfe, sauran kuma gudu suke yi, kafin ka dubi idon mutum an ɗauke an nuna gini yana zubewa. Babu mai zama ya ci abinci da wani. Babu mijin da zai ara, babu matar da zai ara. Muka wayi gari mu biyu a tsakar gida, yara duk sun tashi, ga shi ga ni, kuma ba ta inda zai yi min magana.

A cikin wannan daminar mahaifiyata ta rasu a Ƙarfi. Ya yi duk abin da ake bukata ga suruki, ya tsaya a kan komai, ya zauna karɓar gaisuwa da 'yan uwana maza. Da muka dawo Funtua na riƙa jiran hantsi kamar mai jiran magani. Na san ba zai ce min "ki yi haƙuri" yadda mutane ke faɗa ba, wannan na ji har kunnena ya gaji. Nasa nake jira. Rannan ya zauna, ya yi gyaran murya, na ajiye tsintar waken.

"A cikin garin nan da dodon ya rushe," ya ce, "akwai wata mata. Uwarta tana wani ƙauye can nesa."

Na jira. Ya juya kofin a hannunsa, ya sake juya shi.

"Ba su nuna ta ba, Rabi. Ni na sa ta. Ban san fuskarta ba, ban san abin da za ta ce ba."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Ashe shi bai iya ƙirƙira daga iska ba, sai ya ga mutum tukuna. Na zauna a gindin darbejiyar na yi kukan da ban yi a Ƙarfi ba, rabi na uwata, rabi na wani abin da ban san sunansa ba. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, kuma mijina yana nan bayan labule.

Bayan wannan da kamar mako biyu, wata safiya da ba ta kasuwa ba, ya ce in sa hijabi zai kai ni wani wuri. Na hau bayan mashin ɗinsa ina zaton asibiti za mu je duba wani. Sai ga mu a bayan tasha. Ya buɗe kwaɗo, ya waiga hagu da dama kamar ɓarawo, ya ce in shiga. Wurin da ya ciyar da mu shekaru kusan talatin, ranar na fara ganin cikinsa. Ya fi yadda nake zato ƙanƙanta. Ɓawon gyaɗa ko'ina, warin hayaƙin janareta, bencina sun yi santsi saboda zama. A gefen talabijin akwai inda simintin ya lotsa, daidai faɗin ƙafa biyu. Ya zaunar da ni a bencin tsakiya, ya ce nan ne ya fi kyau, ya je ya ta da janareta.

Tallar ya fara sa min. Wata irin ƙara ce mai shiga ƙirji, ta yi shiru, ta sake bugawa. Wuta, ruwa, mutane suna gudu, wani ya faɗo daga sama ya durƙusa a ƙasa, dodo ya buɗe baki, aka yi duhu. Ba zan yi ƙarya ba, gabana ya faɗi, har na kama bakin bencin. Na ce a raina, to ai abin da kallo. Sannan ya sa fim ɗin, ya je ya tsaya a gurbinsa, ya ɗauki abin magana. Ba mu yi nisa ba na gane cewa duk abin da zai sa gaba ya faɗi na riga na gan shi a tallar, yanzu ja masa rai kawai ake yi. Ginin da ya faɗi ɗazu ya sake faɗuwa. Kaina ya fara ciwo. Sai na bar talabijin na koma kallon babanku. Yana tsaye da kyau, hularsa a daidai, abin maganar a kusa da baki, yana jiran inda zai shiga. Can ya ce, "Ga shi nan ya taso." Aka daɗe. Ya ce, "Sun gudu." Aka daɗe. Ya ce, "Ya sake tasowa." Sau ɗaya aka nuna wata mata ta kama hannun wani tsoho, na ga ya ja numfashi zai fara, kafin ya buɗe baki mota ta faɗo a kansu. Mutumin da na san abin da bakinsa ya iya, shi ne aka mayar mai sanar da faɗuwar gini. Na so in tashi, amma na zauna har rubutun ƙarshe ya gama hawa.

Ya kashe janareta. Rumfar ta yi tsit, sai muryar 'yan kamasho daga tasha suna kiran Malumfashi. Ya zo ya zauna a bencin da ke gabana, ya ba ni baya.

"Rabi, ke ba ki taɓa ce min labari ya yi daɗi ba in bai yi ba. Idona ne ya tsufa? Akwai wani abu a ciki da ni ba na gani?"

Na san abin da yake tambaya, kuma na san farashin amsar. In na ce akwai, ka daure, masu kyau suna tafe, zai ci gaba da tsayuwa a gurbin nan, kuma ko ba komai zan riƙa samun "dodo ne" da hantsi, wanda ya fi babu. In na ce babu, ya ajiye ke nan, kuma abin da ya rage na hirarmu ya tafi tare da shi. Duk wannan na auna shi ina kallon ƙeyarsa. Amma na ga yadda ya tsaya ɗazu, kuma yanzu da na gani da idona ba zan iya zama a gida ina sanin haka yake yi a gaban yara kowace yamma ba.

"Idonka lafiya lau, Malam," na ce. "Babu kowa a ciki."

Ya gyaɗa kai. Ya tashi ya naɗe wayar abin maganar a hankali, ya ajiye a kan talabijin. Da yamma ya kira yayanku ya ba shi mukulli, ya ce ya yi ƙwallonsa, Allah ya sa albarka. Wannan shi ne abin da kuke kira na sa shi ya bari. Tambayata ya yi na faɗa masa, kuma ko yau aka mayar da ni kan bencin nan abin da zan faɗa ke nan.

Sai dai sanin farashi daban, biyansa daban. Ya koma noman gonar gadonsu a Ƙarfi, yana kwana can yawancin mako, ya dawo ranar Alhamis don Juma'a. Jikinsa ma ya fi kyau a farko, wannan ku rubuta shi a cikin lissafinku. Ni ce na zauna a gida mai ɗaki huɗu ina jin motsin ƙadangaru a kan kwano. Asabe ta sayi waya, tana kitso tana kallon abinta, in ta shigo sai dai aron turmi. In ya dawo ina shimfiɗa tabarmar kamar da, in kawo koko, in tambaye shi gona. Ya ce an yi noman farko. Ya ce masara ta yi goyo. Na taɓa sa yayanku ya nemo masa tsofaffin finafinan a waya, ya kalli ɗaya kaɗan ya miƙa masa, ya ce waɗannan ya riga ya ba ni su. Wani lokaci ina ganin magana ta taso masa har wuya, ya dube ni, ya dubi kofin, ya ce, "Kokon ya yi daɗi." In ce, "Gero ne mai kyau." Mu yi shiru har inuwa ta matsa.

Damina biyu muka yi a haka, a ta ukun Allah ya karɓi abinsa. Da nake takaba mata suna ta yabon haƙurina, wai ba su ji ina yawan kuka ba, wai na saba da zaman kaɗaici da wuri. Ban gyara musu ba. Ba su san shirun ya riga mutuwar shigowa gidan nan ba, ita tarar da shi ta yi.

Ba don ku ji tausayina na rubuta wannan ba, kuma ban ce wani ya bar aikinsa ya dawo Funtua ba. Ina ci, ina sha, kuna aiko min da abin da ya fi ƙarfin bukatata, Allah ya yi muku albarka. Abu ɗaya nake roƙo. In kun kira ni, kuna cewa ya jiki, ya ƙafa, an sha magani, sai ku ce to sai an jima. Ku daina saurin nan. A inda kuke zaune akwai mutane, wani ya yi wa wani laifi, wata ta yafe, wani ya ƙi. Ku ɗauko min ɗaya ku ba ni, daga farkonsa, kada ku fara gaya min yadda ya ƙare. Hantsi ya fi min, lokacin ba na komai.